Haƙƙin Ido Mai Rauni

Hausawa suna cewa mai ido ɗaya ba ya gode Allah sai ya ga makaho, kuma karin maganar ta zauna a bakin jama'a har ta kai ana jefa ta ga duk wanda ya koka da wata tawaya da ba ta kai ta wani ba, ko da kuwa tawayar ba ta shafi ido ba. Akwai gaskiya a cikinta wadda ba mai musunta, domin ɗan Adam yakan manta ni'imar da ke hannunsa sai ya ga wanda ya rasa ta. Amma tana ɗauke da wani hukunci a ɓoye, wato cewa wanda ya rasa wani sashe na abu ba shi da bakin magana muddin akwai wanda ya rasa shi duka. Wannan hukunci ya cancanci a tsaya a auna shi da ma'aunin addini da na hankali, kuma babu wanda ya fi dacewa a gwada shi a kansa kamar mutumin da idanunsa biyu suke buɗe, babu hakiya babu yana, amma ɗaya daga cikinsu bai taɓa koyon gani yadda ya kamata ba. Irin wannan mutum yana nan a unguwar Zariya ta birnin Maraɗi, yana nan a Tibiri, fadar Sarkin Gobir, yana nan cikin manoman rani na Jiratawa, sau da yawa ba tare da maƙwabtansa sun sani ba, wani lokaci ma ba tare da shi kansa ya sani ba. Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na mutane suna da wannan lalura, wanda ke nufin da wuya a sami makarantar boko ko ta allo mai yawan ɗalibai da babu wasu ƴan yara masu ita a ciki.

Likitoci suna kiran lalurar ambiliyofiya, wato raunin ganin da ba ya samo asali daga lalacewar ƙwayar ido ita kanta, sai daga yadda ƙwaƙwalwa ta saba amfani da idon tun ana jariri. Jariri ba ya zuwa duniya da cikakken gani. Hanyoyin da ke ɗaukar saƙo daga ido zuwa sashen gani na ƙwaƙwalwa, wanda yake can wajen ƙeya, suna ginuwa ne a hankali cikin shekarun farko na rayuwa, gwargwadon tsabtar hoton da kowane ido yake aikawa. Idan ɗaya daga cikin idanun ya karkace, abin da ake kira harara-garke, ƙwaƙwalwar yaro takan sami hotuna biyu da ba su dace da juna ba, sai ta danne ɗaya domin kada ya riƙa ganin abu biyu-biyu. Idan kuwa ƙarfin tattara haske na idanun ya bambanta, ɗaya yana aika hoto tangaram ɗaya kuma dishi-dishi, sai ta jingina ga mai kyan ta yi watsi da ɗayan, kuma wannan nau'i ne ya fi ɓoyuwa domin babu abin da mai kallo zai gani a fuskar yaron. Nau'i na uku, wanda ya fi tsanani, shi ne inda wani abu ya tare hasken gaba ɗaya, kamar yanar da ake haihuwar yaro da ita ko fatar ido da ta sauko ta rufe baƙin idon. A dukkan ukun sakamakon ɗaya ne: idon yana raye, amma rabonsa a ƙwaƙwalwa ya ƙanƙance.

Cewa gani yana kammaluwa ne a bayan ido ba sabon ilimi ba ne ga Musulmi. Hasan ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra ya kuma rasu a Alƙahira wajen shekara ta 1040, ya bayyana a littafinsa Kitabul Manazir cewa haske ne yake shiga ido daga abin da ake kallo, cewa hotunan idanu biyu suna haɗuwa su zama ɗaya kafin su kai ga ƙwaƙwalwa, kuma cewa gane nisan abu da girmansa da siffarsa wani hukunci ne da rai yake yankewa cikin sauri bisa abin da ya saba da shi. Bayan ƙarni tara, David Hubel da Torsten Wiesel na jami'ar Harvard a Amurka suka nuna a 1963 cewa idan aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a watanninsa na farko, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da ya kamata su amsa wa idon sukan koma hidimar ɗayan, alhali irin wannan rufewa ba ta yin haka ga babbar kyanwa. Aikinsu a kan gani ya kai su ga lambar Nobel a 1981. Mai karatun Alƙur'ani ba zai rasa tuna aya ta 78 ta Suratun Nahli ba, inda aka ambaci fitar da mutum daga cikin mahaifiyarsa bai san komai ba, sannan aka ambaci ji da gani da zukata, aka kuma rufe da godiya. Babu buƙatar a tilasta wa ayar ta zama darasin likitanci, amma ta ishi mai tunani ya lura cewa gani kyauta ce da ake miƙa wa ɗan Adam a cikin lokaci, kuma duk abin da yake da lokaci yana iya wucewa.

Yadda mai wannan lalura yake rayuwa ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kuma adalci ne a ce mafi yawansu suna karatu, suna sana'a, suna aure, suna tsufa ba tare da ta hana su wani abu babba ba. Abin da ya fi tawaya shi ne auna zurfi, wato sanin tazarar da ke tsakanin abubuwa na kusa, domin wannan yana dogara ne ga ɗan bambancin da ke tsakanin hoton idon dama da na hagu. Ana ganin tasirinsa a ƙananan ayyukan da sauran mutane ba sa ko tunani a kansu. Mai haɗa shayi da ya ɗaga buta sama domin ya zuba a ƙaramin kofi ya tayar da kumfa yakan ga ruwan ya sauka a gefen kofin, sai ya koyi kusantar da bakin butar tukuna, ya ji ta taɓa kofin, sannan ya ɗaga; tela yakan kai zare ga kafar allura sau uku ko huɗu yana wucewa ta gabanta ko ta bayanta, har ya saba da juya allurar ko jingina yatsa domin hannu ya gaya masa abin da ido ya kasa. Ɗan kabu-kabu kuwa yakan fi jin abin da magariba, lokacin da haske ya ragu kuma ƙurar hunturu ta taso, domin alamomin da ƙwaƙwalwarsa take dogara da su a madadin ido na biyu, irin su inuwa da girman abu da yadda yake matsowa, su ne suke dushewa a wannan lokaci. Waɗannan ba manyan masifu ba ne, amma suna maimaituwa kullum, kuma mai su yakan sha sunan mai garaje ko marar natsuwa a kan abin da ba laifinsa ba.

Al'ummar Hausa ta daɗe da tanadar wa makafi matsayi sananne, har da sarautar Sarkin Makafi a manyan garuruwa, da haƙƙin da ake ganin suna da shi a zakka da sadaka, duk da cewa wannan tsari yana da nasa aibin na tura mutane masu basira zuwa bara. Mai raunin ido ɗaya ba ya cikin wannan tsari, kuma ba ya neman shiga. Matsalarsa ita ce babu wani gurbi da aka san shi da shi, domin idan ya yi shiru ana lissafa shi cikin masu lafiya a ɗora masa abin da ake ɗora musu, idan kuma ya yi magana sai a tuna masa da makaho. Wanda idonsa ya karkace a fili yana da ƙarin nauyi, saboda yara sukan tsokane shi, manya sukan tambaye shi wa yake kallo, wasu ma har sukan jefe shi da sunan Dujal saboda hadisan da suka siffanta wannan maƙaryaci da lalacewar ido ɗaya. Wannan jifa zalunci ne tsagwaronsa, kuma jahilci ne game da abin da hadisan suke nufi, domin an ambaci siffar ce a matsayin hujja a kan mai da'awar allantaka, cewa ga tawaya a fuskarsa wadda ya kasa gyara wa kansa, alhali Ubangiji Ya tsarkaka daga kowace tawaya. Babu wani abu a cikin wannan da ya shafi bawan da bai taɓa da'awar komai ba sai bauta. Tarihin Musulunci cike yake da manyan mutane masu lalurar ido: Sahabbai Mugira ɗan Shu'uba da Adiyyu ɗan Hatim sun rasa ido ɗaya a fagen fama; Aɗa'u ɗan Abu Rabah, wanda mutanen Makka suke komawa gare shi a fatawa, da Ibrahim Annakha'i, malamin Kufa, duka an siffanta su da ido ɗaya; malaman hadisi biyu, Sulaiman ɗan Mihran da Asim ɗan Sulaiman, sun shahara da laƙabin Al-A'amash da Al-Ahwal, na farko saboda raunin gani, na biyu saboda karkacewar ido. Salahuddin Assafadi, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1363, har littafi guda ya wallafa a kan tarihin mashahuran masu ido ɗaya. Malamai sun halatta ambaton irin waɗannan laƙubba ne kawai idan manufar ita ce a gane wanda ake nufi, amma idan aka yi su domin muzantawa to sun faɗa cikin hanin da ke aya ta 11 ta Suratul Hujurati.

Inda aka fi samun amsa mai zurfi ga tambayar ko ƙaramar tawaya tana da haƙƙin a ambace ta shi ne a wani wuri da ba a cika zato ba, wato babin diyya da ƙisasi na fiƙihun Malikiyya, wanda almajiran ilimi suke karantawa a zaurukan Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano bayan sun wuce Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Diyya ita ce dukiyar da ake biya a madadin rai ko gaɓar da aka lalata, ƙisasi kuma shi ne ramuwa daidai da laifin da aka yi da gangan. Kotunan Nijar ba sa zartar da waɗannan hukunce-hukunce, kuma ba zartar da su ne abin dubawa a nan ba. Abin dubawa shi ne irin ƙimar da malaman suka ba ido a lokacin da aka tilasta musu su faɗi ƙimarsa a fili. Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ya kawo a cikin Risala cewa idanu biyu tare suna da cikakkiyar diyya, wadda ita ce raƙuma 100 ko dinari 1,000 na zinariya, kowane ɗaya kuma yana da rabi. Amma idon da ya rage wa mai ido ɗaya shi kaɗai yana da cikakkiyar diyya. Wannan ra'ayin Imam Malik ne, Imam Ahmad ma ya tafi a kansa, alhali Abu Hanifa da Shafi'i sun tsaya a kan rabi. Hujjar Malikiyya ita ce abin da ake biya shi ne amfanin gani, kuma wanda ya lalata ido guda da ya rage wa mutum ya raba shi da gani baki ɗaya, ko da kuwa a lissafin gaɓoɓi abu ɗaya ya taɓa.

Sai dai mai ambiliyofiya ba ya shiga ƙarƙashin wannan hukunci kai tsaye, tunda idonsa mai rauni yana gani ko yaya, kuma a nan ne Shehu Halilu ɗan Ishaƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, ya kawo a cikin Mukhtasar wata mas'ala da ta dace da shi daidai: idon da yake da rauni tun halitta, ko saboda tsufa, ana yin ƙisasi dominsa daga lafiyayyen ido, wato ba a rage masa daraja saboda rauninsa. Idan aka haɗa mas'alolin biyu sai a ga cewa malaman sun riƙe abu biyu a lokaci guda ba tare da sun ga karo a tsakaninsu ba. Sun ƙi yarda a raina ido mai rauni a ce ai dama ba ya gani sosai, sun kuma ƙi yarda a ɗauki ido mai kyau na wanda ya dogara da shi kaɗai a matsayin ɗaya daga cikin biyu kawai. Wannan tunani ya fi na karin maganar nisa, domin karin maganar ta san matsayi biyu ne rak, mai gani da makaho, ta kuma umurci duk wanda ke tsakani ya lissafa kansa da na sama ya yi shiru. Fiƙihu kuwa ya tsaya a kan kowane mataki ya tambayi me aka rasa, me ya rage, kuma mene ne nauyin abin da ya rage a rayuwar mai shi. A babin aure ma an bi wannan hanya ta daidaito, domin Malikiyya ba su sa lalurar ido cikin aibobin da ke ba miji ko mata damar warware aure ba, sai fa idan an sharɗanta lafiyarsa tun wajen ɗaurin auren.

Saura tambayar da ta fi damun mai imani, wato ko faɗin abin da ke damunsa yana rage masa ladan haƙuri. Hadisin ƙudusi da Bukhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik ya yi alkawarin Aljanna ga wanda aka jarrabe shi da rasa idanunsa biyu ya yi haƙuri, kuma mai raunin ido ɗaya yana iya jin cewa ba shi da rabo a nan, jarrabawarsa ba ta kai a rubuta ba. Amma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa babu gajiya ko ciwo ko damuwa da za ta sami Musulmi, har ƙayar da ta soke shi, face an kankare masa zunubi da ita, kuma idan ƙaya tana da lissafi to rabin gani na tsawon rayuwa bai zama abin da za a ce ba komai ba ne. Malamai sun bambanta tsakanin kai ƙarar Allah ga bayinSa, wanda shi ne fushi da hukuncinSa, da kuma bayar da labarin halin da ake ciki ga likita ko ɗan'uwa ko malamin makaranta domin a sami mafita. Annabi Yaƙub, wanda Alƙur'ani ya ba da labarin idanunsa sun yi fari saboda baƙin ciki, bai ɓoye damuwarsa ba, kuma shi ne dai aka san shi da kyakkyawan haƙuri. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ambaci ciwon kansa a gaban iyalinsa a rashin lafiyarsa ta ƙarshe. Hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wanda ya yi umurni da duban na ƙasa maimakon na sama domin kada a raina ni'imar Allah, shi ne mafi kusa da ma'anar karin maganar, amma magani ne da mutum yake sha da kansa domin lafiyar zuciyarsa, kuma yana canza kama idan wani mai idanu biyu lafiyayyu ya ɗauke shi ya toshe bakin mai kuka da shi. Akwai ma wani rashin ladabi ga makaho a cikin godiyar da ba ta tashi sai an gan shi, domin an mayar da shi ma'aunin da wasu suke auna sa'arsu, alhali Suratu Abasa ta sauka ne domin ta nuna cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum mai neman ilimi ne da ya cancanci a juya a fuskance shi.

Da wannan muhawara ta tsaya ga kwanciyar hankalin manya kaɗai, da ana iya barin kowa da zuciyarsa, amma shirun da ake yi da sunan godiya ko da sunan yarda da ƙaddara yana cin idanun yara, domin ambiliyofiya tana cikin lalurorin da ake warkarwa idan an gano su da wuri. Magani yakan fara da tabarau da aka auna wa yaron, wanda shi kaɗai yana gyara ganin yara da dama cikin ƴan watanni. Idan bai isa ba sai a riƙa rufe ido mai kyau na wasu sa'o'i kowace rana domin a tilasta wa ƙwaƙwalwa ta koma ga wanda ta yi watsi da shi, dabarar da masanin Faransa Buffon ya bayyana tun 1743. Gwaje-gwajen da wata ƙungiyar likitocin idon yara ta gudanar a Amurka sun nuna a 2002 cewa ɗigon maganin atirofin, wanda yake dusashe ganin ido mai kyau na ɗan lokaci, yana aiki kusan daidai da rufewa; a 2003 sun nuna cewa ga matsakaicin rauni sa'a biyu a rana tana yin abin da sa'a shida take yi; a 2005 kuma sun nuna cewa wasu yaran da suka haura shekara bakwai, har da matasa, suna iya amfana, duk da cewa sakamakon ya fi kyau kafin wannan shekara. Yanar da aka haifi jariri da ita kuwa lissafinta na makonni ne, kuma duk farin da aka gani a tsakiyar baƙin idon jariri yana bukatar likita nan take, domin wani lokaci alamar ciwon daji ne. Wahalar maganin tana kan uwa fiye da kowa, domin ita ce za ta manna abin rufewar a idon da ɗanta yake gani da shi, ta ga yana kuka yana fizge shi yana laluben abin wasan da ke gabansa, ta ji kakarsa tana cewa a bar yaro ya huta tunda haka Allah Ya yi shi, sannan ta sake manna masa washegari. Maganar kakar ta fito ne daga tausayi da kuma imani, kuma saboda haka ne take da ƙarfin da ya kamata malamai su amsa mata da ilimi.

Amsar tana nan a cikin abin da Musulmi suka gada. Lokacin da Sayyidina Umar ya juya da jama'a daga hanyar Sham saboda annobar da ta ɓarke a can wajen shekara ta 18 bayan Hijira, aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce. Kuma Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito umurnin neman magani daga Usama ɗan Sharik. Ƙaddara, wato abin da Allah Ya sani Ya kuma rubuta tun azal, ba a sanin ta sai bayan ta auku, saboda haka ba ta zama hujjar barin aiki a kan abin da ƙofarsa take buɗe. Yaro mai shekara huɗu da idonsa ya karkace bai riga ya zama mai raunin gani na har abada ba, kuma wanda ya ce haka Allah Ya so yana faɗin abin da bai sani ba game da nufin Allah. Gwajin farko ba ya bukatar kuɗi: uwa ko malami ya rufe wa yaro ido ɗaya da tafin hannu ya nuna masa wani ƙaramin abu daga nesa, sannan ya rufe ɗayan, kuma yaron da ya yarda a rufe masa wannan amma ya ture hannu idan aka rufe wancan ya riga ya ba da labari. Karkacewar ido da ta wuce watannin farko na haihuwa ba abin da za a jira ya tafi da kansa ba ne. Maraɗi tana da asibitin ido na Makka, kuma masu hali sukan tsallaka zuwa asibitin ido na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Ƙasar Nijar ta kuma nuna cewa tana iya kai aikin ido har ƙauyuka, domin fiye da shekara ashirin ana yaƙar amodari a jihohin Maraɗi da Damagaram da Diffa ta hanyar rabon magani da fiɗar fatar ido da wayar da kai, tare da taimakon Cibiyar Carter da ƙungiyar Helen Keller. Gwajin ganin kowane ido shi kaɗai ga yaran da ke shiga makaranta bai kai wannan aiki tsada ba, kuma zai zama da gibi babba idan ya tsaya ga makarantun boko ya bar na allo.

Ga babban da lokacin maganinsa ya wuce, hukuncin ya juya, domin abin da ya auku ya auku, kuma a nan ne yarda da ƙaddara take da cikakken muhallinta. Ba shi da dalilin riƙe iyayensa a zuci a kan cutar da ba ta da zafi ba ta da alama, wadda ba su taɓa jin sunanta ba, tunda Allah ba Ya kallafa wa rai sai abin da yake iyawa. Amma yarda ba ta sauke masa amanar idon da ya rage. Bincike a Turai ya nuna cewa masu ambiliyofiya sun fi sauran mutane haɗarin ƙarewa da raunin gani a idanu biyu, kusan ninki biyu a tsawon rayuwa, saboda duk abin da ya sami ido mai kyau ba shi da mai maye gurbinsa, kuma a tsakanin matasa rauni daga hatsari yana cikin manyan dalilai. Mai walda ko kafinta a unguwar Zariya, da mai sussukar gero a karkarar Tibiri, da mai feshin maganin ƙwari a gonakin Jiratawa, kowannensu yana aiki a inda tartsatsi ko ƙaiƙayi ko guba ke iya shiga ido, kuma tabarau na kariya a wurinsa ya tashi daga ado ya koma kusa da wajibi, tunda kiyaye jiki yana cikin manufofin shari'a. Haka nan ɗiga duk wani abin da ba likita ya ba da ba a cikin idon, ko ruwan ganye ne ko maganin da aka saya a bakin kasuwa, kasada ce da mai idanu biyu ma bai kamata ya yi ba, balle shi. Kuma idan shekaru sun ja, duba hawan jinin ido da illar ciwon sukari a kai a kai ya fi zama dole a kansa. Idan sana'arsa ta tuƙi ce, to haƙƙin fasinja da na mai tafiya a ƙasa ya shiga cikin lissafi, kuma ya kamata ya nemi a auna ganinsa ya san iyakarsa, ya rage gudu ko ya bar aikin dare idan awon ya nuna haka. Abubuwan da ke haddasa lalurar, musamman karkacewar ido da bambancin ƙarfin idanu, suna yawan bin dangi, saboda haka uban da ya san halin idonsa, ya kuma saba faɗinsa ba tare da kunya ba, shi ne ya fi kowa dalilin kai ƴaƴansa a duba su tun suna shekara uku ko huɗu, ko da babu wanda ya ga wani abu a fuskarsu.